Turmin Ƙofar Kufai

Ku samarin da ke zama kan moto, wato babur, a gindin aduwa kuna jiran baƙi, na ji abin da kuke faɗa a bayan idona. Wai aikin Baba Nomau ba aiki ba ne, yawo ne: ka sa mutum a gaba, ka nuna masa duwatsu, ya ba ka na goro. To, tunda kunnena bai mutu ba tukuna, ku gyara zama in gaya muku yadda yawon yake.

Ƙasarmu rairayi ce. Daga Tasawa har Mayahi sai ka yini kana tafiya ba ka sami dutsen da za ka jefi akuya da shi ba. Amma in ka bar hanyar Kanambakashe ka nufi wajen Cake, za ka hango tudu guda na jar marmara, samansa a baje kamar faifai. A bisansa akwai ganuwa ta duwatsu, an jera su ba laka ba siminti, da ƙofa ɗaya mai kallon gabas. Mu Kufai muke ce masa. Tsofaffi sun ce mutanen da ne suka gina shi a zamanin hare-hare, in an hango ƙurar mahara sai a kora yara da dabbobi sama a rufe ƙyaure. Iyakar abin da na sani ke nan, iyakar abin da nake gaya wa baƙo ke nan. Sarauniyar nan da kuke ba mutane labari, mai aljanu masu gadinta, ban san inda kuka samo ta ba. A wurina dai ba ku ji ta ba.

A hannun kawuna Arzika na koyi jagoranci, kuma na daɗe a bayansa kafin ya yarda in buɗe baki gaban baƙo. Aikina shi ne in bi ayari a ƙarshe, in ɗauki gorar ruwa, in cire wa mutane ƙarangiya daga ƙafar wando. In damina ta wuce sai ya tura ni in zaga gindin tudun in tsinto duwatsun da ruwa ya gangaro da su daga ganuwa, in tara su tsibi guda a bakin hanya. A nan na fara sanin amfanin sanda. Sandar jagora mai ƙugiya ce a kai, kuma ba don dogarawa kaɗai ake riƙe ta ba. Dutsen da ya kwana a ƙasa ba a kai masa hannu haka kawai. Sai ka buga shi ka saurara, sannan ka sa ƙugiyar a gefen da ke nesa da kai ka jawo shi wajenka, don abin da ke kwance a ƙasa ya gudu gaba, kada ya nufo ƙafarka. Kunama da kububuwa sun fi mu son Kufai. Bayan sanda sai hantsaki na cire ƙaya, da takalmin taya, da gammo. Gammo kam da yawa, na tsumma da na kaba, manya da ƙanana, Kawu na zura su a hannu kamar awarwaro.

Gammon nan su ne sana'ar. In baƙi suka iso gindin tudu, Kawu zai tsaya kusa da tsibin ya ce kowane baƙo sai ya ɗauki dutse. Ya miƙa wa kowa gammonsa, ya zaɓar masa dutse, a hau. A sama baƙo zai ajiye dutsensa a inda jagora ya nuna masa, a gurbin da zai zauna daram. Ruwa na saukowa da ganuwa kowace damina, baƙi na mayar da ita kowane rani. Haka muka tarar, shi ya sa har yau akwai abin da za ku nuna wa mutane.

Zaɓen dutsen ne ke ɗaukar shekaru kafin a iya. Ka dubi wuyan mutum, ka dubi takalminsa, ka ji yadda yake numfashi bayan gaisuwa. Akwai wani mai sayar da fata, ƙato, da ya zo mana ranar kasuwar Kanambakashe. Na ga jiki sai na ba shi babba. Kawu ya karɓe, ya ba shi wani kamar curin fura. Mutumin ya ji haushi, ya ce an raina shi. Ba mu kai rabin hanya ba ya zauna yana haki, leɓensa ya yi fari, sai da muka jiƙa masa rawani muka ɗora masa a ƙeya. A cikin ayarin akwai wata Bafulatana mai tallar nono, siririya kamar kara, wadda ta ƙi gammo ta ɗora nata dutsen a kai ta wuce mu tana dariya. Da mai fatar ya farfaɗo ya roƙe ni in riƙe masa dutsen. Na miƙa hannu ke nan Kawu ya tare ni da sanda. Jagora na iya ɗora wa baƙo, yana iya ba shi ruwa, yana iya jiransa har rana ta karkata, yana iya canza masa ƙarami, amma ba ya ɗaukar masa. Kawu ya ce wanda ya kai dutse sama da wuyansa ba za ka gan shi yana hawa kan ganuwa yana tsalle ba. Na gwada maganar a kan 'yan lakwal, yaran makarantar boko, da malaminsu ya kawo daga Mayahi, aji guda cur, masu ƙiriniya, na ga gaskiya ce.

In an kai sama, wurin da nake fara tsayar da baƙo shi ne ƙofa. A ƙasa, gefen dama, akwai wani baƙin dutse wanda ba irin marmarar wurin ba ne, da rami a tsakiyarsa, sumul. A ciki ƙafar ƙyaure take juyawa, ta yi ta juyawa har ta cinye shi. Turmin ƙofa muke ce masa. Ƙyauren gara ta cinye tun kafin a haifi kakana, saboda haka turmin nan ne kaɗai shaidar cewa wurin an taɓa buɗe shi an rufe. Ba na dogon bayani a kansa. Cewa nake yi baƙo ya durƙusa ya sa hannu a ramin. Na ga anasara sun durƙusa a wurin, na ga fatake, na ga wani tsohon Buzu da ya daɗe hannunsa na ciki yana motsa baki. Duwatsun gefen ƙofar kuma a kan kafaɗar turmin suka jingina.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda ruwa ya ɗauke gero na tsaka da fitar da kai. Baƙi kuma dama sun yanke, hanya ta yi rashin lafiya, ba tsaro, anasara sun daina zuwa, an hana malaman lakwal fita da yara. A gidana dilo muke ci, 'ya'yan anza da ake jiƙawa har ɗacin ya fita. Sai ga wani mutum da kamiyo, babbar motar kaya, daga birni yana neman dutsen harsashin gini. A ƙasar rairayi dutse abin sayarwa ne, kuma a shekarar nan shi kaɗai ne ke da mai saye. Aka ce in nuna wa kamiyon hanya mai ƙarfi don kada ya kafe. Na ƙi. Sai mutanen gari suka ɗaura amalanke, har da ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, suka dinga sauko da ganuwar yamma suna kai masa bakin hanya. Ni kaɗai ba zan iya tare gari ba. Abin da na iya shi ne, kullum da safe in hau da gorata in zauna a kan turmin ƙofa har yamma. Da suka cinye yamma suka iso gabas, na ce musu in za su ɗauka su haɗa da ni, a auna mu tare. Suka yi dariya, suka zage ni, suka kewaye ni suka bar ƙofar. Ganuwar yamma tana ƙarƙashin shagunan wasu yanzu. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban riƙe kowa ba, don na san abin da ke cikin tukunyarsu, irin na tawa ne.

Ku kuwa ba yunwa ce ta kama ku ba. Da hanya ta ɗan yi sauƙi baƙi suka fara dawowa, 'yan ƙasa ne yanzu, daga Maraɗi da Yamai, masu son hoto. Ku kuka sami moto a lokacin da gwiwata ta fara ƙi. Babbanku Lawali, jikan yayata Hajo, shi ya fara haura tudun da moto, baƙo a baya. Na ce masa tayar za ta yanka hanya, ruwa ya bi ta ya mayar da ita kwazazzabo. Ya ce zamani ne. Na koma zama a gindin tudu ina naɗa gammo, ina jiran masu son hawa da ƙafa, waɗanda ba su da yawa.

Abin da ya fara damuna shi ne tsibi. Rani ya yi nisa, baƙi na ta hawa suna sauka, amma tsibin bai ragu ba. Rannan wata mata daga Yamai ta sauko daga bayan moto, jakarta ta rinjaye ta gefe guda. Muka gaisa, na tambaye ta abin da ta ɗauko. Ta buɗe da murna ta nuna mini jan dutse mai kyau, irin wanda ake sawa a kusurwa. Ta ce jagoranta ya gaya mata al'adar wurin ce, kowane baƙo sai ya ɗauki dutse. Ta ce a kan tebur za ta ajiye shi.

Na kira Lawali gefe, don ba na yi wa yaro faɗa gaban baƙonsa.

Ya ce, "Baba, ba kai ke cewa kowane baƙo sai ya ɗauki dutse ba? Tun muna yara muke ji. To, sun ɗauka. Mi munka ɓata?"

Na ce, "Daga ina zuwa ina?"

Ya ce, "Wannan kam ba ka hwaɗi ba."

Ban faɗa ba, gaskiya ne, kuma Kawu ma bai taɓa faɗa ba. Mutumin da ke tsaye a ƙasa, gammo a kansa, fuskarsa na kallon sama, ba ya bukatar a gaya masa inda dutsen zai je. Ku kun tsinci maganar daga nesa kuna wasan langa, ba ku taɓa bin ayari ba, kuka kai ta sama kuka faɗe ta a can. Kalma ɗaya ba ku canza ba, kuka juya sana'ar kanta ƙasa. Lawali ya ƙara da cewa baƙi sun fi son haka, babu zufa, ga tsaraba. Na je wurin mai gari. Ya saurare ni da kyau, ya ce duwatsun na da yawa, in bar samari su ci abinci, ni ma lokacin hutuna ya yi. Na ce masa ranka shi daɗe, na tashi.

Washegari na ɗaure gwiwa da tsumma na hau. Na daɗe a hanya. Da na isa ƙofa sai na tarar da rami a inda turmin yake, ƙasar ciki ko bushewa ba ta gama yi ba. Duwatsun gefen sun riga sun ɗan sunkuyo. Ban taɓa jin fushi irin na ranar ba, har shekarar kamiyo. Na san ruwan farko in ya cika ramin nan, gefen ƙofar zai zube, ƙofa ta zama giɓi kawai a cikin tarin duwatsu. Lawali bai ɓoye ba, har da ɗan alfahari. Wani Alhaji mai sayar da hatsi a Tasawa ne ya ce shi ba ya son irin na kowa, a ba shi wanda ya fi kyau. Lawali ya samo ƙarfe ya ɓamɓaro shi, ya ɗaure a bayan moto da roba, ya gangaro masa da shi har motarsa.

Ni da na tsufa ina karɓar matafiya, sai ga ni na zama matafiyi. Amalanke ta kai ni Kanambakashe, motar kasuwa ta kai ni Tasawa, tambaya ta kai ni gidan. Ban ma yi sallama ba na ga turmin. Yana ƙofar gida a gindin itacen bedi, an zuba ruwa a ramin, tantabaru na sha.

Alhajin ba mugun mutum ba ne, kada ku ce na ce. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura. Na ce sai mun gama magana. Ya ce shi al'ada aka gaya masa ya bi, kuma ya sallami jagoransa da kyau. Ya sa hannu a aljihu, na ce ya bar shi a ciki.

Ya ce, "Haba Baba, dutse ne hwa."

Na ce, "I, dutse ne, Alhaji. Tantabarunka ko a kwano anka zuba musu sha za su yi."

Ya yi dariya ya shiga harkarsa, yana tsammanin zafin rana zai kore ni. Ni kuwa na jawo tabarmar kusa da turmin, na zubar da ruwan, na share ramin da bakin rigata, na buɗe sana'ata a ƙofar gidansa. Duk wanda ya zo gaishe shi ko cinikin gero sai in tare shi in ce ya zo ya ga abu. In gaya masa daga inda dutsen ya fito, da ƙyauren da ya juya a cikinsa, da yaran da aka rufe a bayansa, sannan in ce ya durƙusa ya sa hannu. Suna sawa, sai su ɗago su tambayi abin da ya kawo shi nan. In ce su tambayi mai gida. Kafin la'asar masu ɗaukar buhu sun bar aiki, mata masu wucewa sun tsaya, yara sun yi layi. Alhaji ya fito ya dubi taron, ya dube ni, ya kira direbansa ya ce a sa dutsen a mota a sa tsohon nan, a kai su inda suka fito. Sai a lokacin na sha furar, kuma ta yi daɗi.

Mota iyakarta gindin tudu. Direban ya ce bari ya nemo majiya ƙarfi su kai sama, Alhaji zai biya. Na ce ya sauke a nan ya gaida gida. Wanda ya sauko da shi shi zai mayar. Lawali ya ce ai da sauƙi, ya sake ɗaure shi a bayan moto. Kun gani da idonku, ba sai na ba ku labari ba. Hanyar da tayarsa ta yanka ta zama rami, nauyi na baya, gaban moton ya tashi sama ya kayar da shi. Ya gwada har ya gaji, ya kwance robar ya tafi yana cewa dama dutsen banza ne.

Na ɗora gammo a kan turmin na zauna kusa da shi. Kowane baƙo kuka kawo, kafin ya hau moto sai na gaishe shi na nuna masa, na gaya masa wurin zaman dutsen nan a sama yake, na faɗi sunan wanda ya sauko da shi. Ban ƙara ba, ban rage ba. Yayata Hajo ta zo ta ce ina tozarta mata jika, in bari a haɗa mutum huɗu da itace su kai. Na ce mata Yaya, in an kai masa yau, gobe wani zai sauko da shi. Mai gari ya aiko, na ce a gaishe shi. Ana haka gabas ta fara haɗa hadari da yamma, iska ta juya, manoma na gyaran kalme. Ni ma ina ganin hadarin, kuma na san abin da zai yi wa ƙofar. Amma ban tashi ba.

Rannan da hantsi sai ga Lawali a ƙafa, ba moto. Bai gaishe ni da kyau ba. Ya tuɓe riga ya sunkuya zai rungumi dutsen, na buge masa hannu da sanda. Na buga turmin, na sa ƙugiya na jawo shi wajena. Kunama ce a ƙasa, baƙa, da 'ya'yanta a baya, ta bi rairayi ta tafi. Lawali ya ja da baya. Na gyara masa gammon, na kira wani makiyayi da ke wucewa muka ɗora masa. Na shiga gaba da ɗingishina ina zaɓar masa wurin taku, ta tsohuwar hanya mai kewaye, wadda bai taɓa bi ba.

A wajen rabin hanya nauyin ya fara rinjayarsa. Na nuna masa wani dutse mai tsayi daidai kafaɗa inda ake jingina kaya a huta, na ba shi ruwa.

Ya ce, "Baba, kama mini ko kaɗan. Wuyana zai karye."

Na ce, "Jagora ba ya ɗaukar wa baƙo."

Ya ce, "Ni ne baƙo? Nan anka haihe ni."

Na ce, "A gindi anka haihe ka. Nan kam yau ka zo."

Ya kai shi. Rana ta take tsaka kafin mu isa, ya huta sau da yawa, sau ɗaya ya yi amai. Muka zura turmin a gurbinsa, na nuna masa yadda ake cusa ƙananan duwatsu a gefe a danna da ƙasa, muka tallafe na gefen ƙofar suka koma kan kafaɗarsa. Da muka gama na ce ya sa hannu a ramin. Ya sa, ya daɗe bai cire ba. Ruwan farko ya sauka a makon, ƙofa tana nan tsaye.

Duwatsun da suka tafi Maraɗi da Yamai a cikin jakunkuna ba za su dawo ba, kowanne ya bar giɓi a ganuwa, kuma ba Lawali kaɗai ya ba da su ba. Tsibi na nan a bakin hanya, ya fi na kowace shekara girma. Kun ce yawo ne, to ku kashe moto ku zo mu yi yawon. Gammo na naɗa wa kowa nasa, kuma ba sai kun zaɓi dutse ba. Duk zaman nan da kuke yi a gindin aduwa kuna dariya, ni wuyanku nake dubawa.